Damisa Uku

Halliru na cikin goge babbar rigarsa ta shadda, wadda ya ɗinka tun shekarar da aka ƙirƙiro jiha don ranar da za a naɗa shi darakta, sai matarsa Safiyatu ta leƙo daga madafi ta tambaye shi ko wani babba ne ya rasu.

"Tukuna dai," in ji shi. "Sai bayan la'asar."

Ta dube shi, ta dubi manyan kuloli biyu na zoɓo da ya sa ta dafa tun da sassafe, ta ce in dai a kan Jatau ake wannan hidima, to ita ba ruwanta, a dai dawo mata da kulolinta da murafensu. Ya hura garwashin dutsen guga, ya ci gaba da bin aikin wuyan rigar a hankali.

Ba a taɓa naɗa shi daraktan ba. Da aka raba Zamfara da Sakkwato aka kwaso ma'aikata zuwa Gusau, kusan duk mai hula ya samu ofis, amma kujerar da Halliru ya sa wa ido sai aka ba wani da shi ya koya masa yadda ake ɗaure fayil. Ya ajiye aiki cikin fushi, ya koma gida yana jiran a zo a ba shi haƙuri. Ba wanda ya zo. Walimar ban kwana ma aka shirya masa, da lemon kwalba. Abin da ya tsira da shi daga aikin gwamnati shi ne rigar, da ɗan abin sallama, da sunan Darakta, wanda mutanen gari suke kiransa da shi fuska ba ko murmushi.

Da abin sallamar ya buɗe gidan gem na farko a Tudun Wada: talabijin ɗaya, inji ɗaya da abin dannawa biyu da samari ke kira hannu, ƙaramin janareto, da benci. Kaset ɗin da ya fi kawo masa jama'a na faɗa ne, ƙarti biyu suna jibgar juna har ɗaya ya kwanta. Samarin suka raɗa masa Damisa Biyu, don akwai hoton damisa a jikinsa da lamba biyu. Kusan shekara guda Halliru ya yi yana jin daɗin da ofis ya hana shi. Mutane na layi a gabansa, shi ke cewa wane ya zauna, wane ya tashi.

Jatau mutumin Tsafe ne, benci ɗaya suka zauna da Halliru a firamare, yana sayar da kayan gyaran babur. Kullum da yamma sai ya zo ya zauna, yana tambaya irin ta aboki: ina ake samun injin, wane layi ne a kasuwar Sabon Gari ta Kano, man fetur nawa janareto ke sha. Halliru kuwa, tun da ya bar aiki ba wanda ya nemi shawararsa ko a kan farashin gishiri, sai ya saki baki. Wata safiya ya fito ya tarar ana shafa wa shagon da ke kallon nasa fenti. Talabijin ɗin Jatau ya ninka nasa girma, ga fanka a sama tana juyawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda Jatau ya tsallako titi da kansa, ya gayyace shi ya yi addu'ar buɗewa, wai a matsayinsa na uban harkar a jiha. Kuma ya je ya yi. Har yau in ya tuna yadda ya ɗaga hannu ya roƙa wa shagon albarka, sai ya ji kamar ya ciji harshensa, don addu'ar ta karɓu. Jatau ya buɗe reshe a Tsafe, ya buɗe a Bungudu. Duk abin da Halliru ya ambata a teburin mai shayi cewa yana niyyar kawowa, kafin sati ya zagayo yana shagon Jatau.

A teburin mai shayin nan dabarar ta zo masa. Jatau na zaune a bayansa yana tsoma burodi, shi kuma ya sassauta murya daidai yadda ke sa kowa ya kasa kunne, ya faɗa wa wani mai babur, Tajuddeen, cewa Damisa Uku ya fito. Da idonsa ya gani a Kaduna, a gidan gem na wani ɗan Kwara. A ciki har da ɗan damben Bahaushe, hannunsa ɗaure da kara, igiyar nan ta 'yan dambe. Shi zai fara kawo shi Gusau, amma kada Tajuddeen ya faɗa wa kowa.

Babu wani Damisa Uku a duniya. Halliru ne ya ƙera shi yana jiran shayinsa ya huce.

Tajuddeen ɗan kabu-kabu ne, magidanci mai 'ya'ya, kuma ba wanda ke kayar da shi a Damisa Biyu. Duk fasinjan da ya hau babur ɗinsa sai ya sauka da labari. Ba a jima ba Jatau ya ɗauki sanƙira da lasifika ya zaga kasuwar Tsafe da ta Bungudu yana shelar ranar buɗe Damisa Uku a shagonsa, ya fara karɓar kuɗin layi tun kafin kaya su iso. Labarin ya yi ta kumbura da kansa. Mutanen Tsafe suka ce ɗan damben nasu ne, an gan shi da tsagar gidansu. Na Bungudu suka ce ƙarya ne, har aka kusa ba hammata iska a tasha. Waɗanda suka ga wasan a Kaduna suka fi waɗanda suka taɓa zuwa Kaduna yawa. Wani lokaci shi kansa Halliru, in ya ji yadda ake bayanin naushin ƙarshe, sai ya ji yana ɗan marmarin ganinsa.

Jatau ya tafi Kano tun farkon sati. Yau ce ranar da ya ɗiba. Zai dawo hannu banza ya tarar da taron da ya tara da bakinsa, kuma Halliru zai kasance a tsallaken titi cikin shadda. Ya aro benci daga makarantar islamiyya, ya cika jarka da fetur, ga zoɓo. In an gama da Jatau, jama'a za su buƙaci wurin zama da abin jiƙa maƙoshi.

Kafin azahar titin ya fara cika. Motar a-kori-kura ta sauke 'yan Tsafe, wasu sun zo daga Bungudu a kan kekuna, har da 'yan Magami da ba su taɓa riƙe hannun gem ba, sun zo ganin ɗan dambe. Duk suka taru a ƙofar shagon Jatau da ke kulle. Halliru ya jera bencinsa, ya zauna a kujerar roba yana amsa gaisuwa da kai.

Ana idar da sallar azahar wani dattijo mai farin gemu ya tsallako wurinsa, mai unguwa na biye da shi. Ya ce sunansa Malam Usman, daga Bungudu, shi ne shugaban iyayen yara na makarantarsu. Iyaye ne suka turo shi. Tun da aka fara shelar nan gyaɗa ke raguwa a rumbuna, kaji na ɓacewa, wani yaro har tayar keken ubansa ya kwance ya sayar don ya kama layi. An ce masa Darakta ne ya fara ganin abin da idonsa, shi ya sa ya zo ya ji gaskiyar abin da ke ciki.

Halliru ya ba shi kujerarsa, ya zuba masa zoɓo. Bai shirya wannan ba, amma bai ga dalilin mayar da kyauta ba. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka tilasta wa magana, ya ce ba ya son ɓata kasuwar ɗan'uwa. Sannan ya ɓata ta. Ya ce ana sare kai a ciki, jini na tsartuwa har gilashin talabijin. Akwai wata mace da ke faɗa ba zane ba kallabi. Akwai gunki a bayan fage, wanda ya ci sai ya durƙusa masa. Malam Usman ya ajiye kofin zoɓon a ƙasa, ya tambaye shi ko zai iya maimaita haka a gaban mutane. Halliru ya ce ko a gaban alƙali. Mai unguwa ya ce in dai wannan abin ne aka shigo da shi unguwarsa, to inji da talabijin sai gidan hakimi, shago kuma zai sha kwaɗo.

Bayan la'asar aka ji ƙarar babur ɗin Tajuddeen daga wajen tasha, yana ta danna hon. Jatau na bayansa, rigarsa duk ta yamutse, idonsa ya faɗa. Halliru ya gyara zaman hularsa. Jatau ya sauka, ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro wani abu ƙunshe a ƙyalle, ya kwance, ya ɗaga sama. Kaset ne. Ga damisa baki buɗe, ga lamba uku ja wur.

Aka fito da babban talabijin aka ɗora a tebur a ƙofar shago, aka tada janareto. Tun daga sautin farko Halliru ya gane kiɗan. Shekara biyu yana jinsa, har a mafarki. Damisa Biyu ne, ba ƙari ba ragi, sai dai launinsa ya rikice: sama ta koma kore, ƙasa ta koma ruwan hoda, ƙaton nan mai fararen kaya ya zama baƙi wuluk da koren wando, safar hannunsa ɗaya ta yi fari fat kamar an naɗe ta da igiya. Wani ɗan Tsafe ya nuna da yatsa ya ce ga shi nan. Titi ya ɗauka gaba ɗaya. Tajuddeen, wanda Damisa Biyu ya yi wa kanta a manyan yatsu, ya karɓi hannu ya buga zagaye ɗaya, ya juyo ya shaida wa jama'a cewa wannan ya fi na biyu sauri nesa ba kusa ba.

Sai mai unguwa ya ratsa taron ya ce a dakata. Malam Usman ya yafito Halliru. Aka buɗe masa hanya, ya tsallaka titi yana tattara hannun shaddarsa a kafaɗa, ya tsaya gaban talabijin.

"Darakta," in ji Malam Usman, "kai ka gani da idonka. Wanga shi ne, ko ba shi ba ne?"

Halliru ya dubi Jatau. Gumi ya tsattsafo a saman leɓensa, yana murza ƙyallen a hannu. Tun suna firamare bai taɓa ganin tsoro a fuskar nan ba, kuma ya tsaya ya kalle shi sosai, kamar mai tsotsar ƙashi. In ya ce ba shi ba ne, za a yi wa Jatau ihu, ya mayar wa mutane abin da ya karɓa, a yi masa dariya wata guda, a manta. Talabijin na nan, fanka na nan tana juyawa. In kuwa ya ce shi ne, za a ɗora wa wani ƙato talabijin ɗin a ka, a ratsa Tudun Wada da shi rana tsaka, Jatau na biye yana roƙo, ga kwaɗo a ƙofa. Ya hango talabijin ɗin yana tafiya a sama da kawunan mutane, wayarsa na reto. Bai taɓa hango abu mai kyau irin wannan ba.

"Shi ne," in ji shi. "Shi ne na gani a Kaduna."

Taron ya sake ɗauka da sowa, wanda bai sa a lissafinsa ba. Malam Usman ya ɗaga hannu, ya ce to a nuna masa inda ake sare kai, da macen, da gunkin, ya gani kafin a ɗauke kayan. Jatau ya dubi Malam, ya dubi Halliru, ya sake duban Malam. Halliru ya ga lokacin da gumin ya daina tsattsafowa.

Jatau ya rusuna. Ya ce duk abin da Darakta ya faɗa gaskiya ne, shi ma an nuna masa irin wancan a Kano, na ƙasar Turawa ne. Shi ya ƙi karɓa. Ya ce musu garinsu garin Musulmi ne, 'ya'yan mutane ke shiga shagonsa, ko a nemo masa wanda aka tace ko ya koma gida haka nan. Abin da ya riƙe shi kwana da kwanaki a Kano ke nan, har yana kwana a masallacin tasha.

Malam Usman ya ce a buga ya gani. Aka kawo masa kujera, Tajuddeen da wani ɗan Bungudu suka zauna. Zagaye na farko Malam na kallo da gefen ido, yana jan carbi. A na biyu carbin ya tsaya. Ashe ɗan gidan mahauta ne, kuma kafin karatu ya ɗauke shi ya ɗaure hannu a fagen dambe ba sau ɗaya ba. Da baƙin ƙaton ya kai naushi ya kuskure, sai aka ji muryar dattijon yana cewa ai ya saki garkuwarsa da wuri, ta ƙasa ya kamata ya shigo masa. Ya ankara ana kallonsa, ya yi gyaran murya, ya miƙe.

Hukuncinsa gajere ne. Bai ga jini ba, bai ga mace ba, bai ga gunki ba. A rufe lokacin salla, kada a bar ɗan makaranta ya shiga da safe, kuma duk wanda ya zo da gyaɗa a ƙunshe a tambaye shi ta wace ce. Ya sa wa Jatau albarka bisa kishin 'ya'yan jama'a. Mai unguwa ma ya sa. Sannan Malam ya juyo wajen Halliru, ya riƙe hannunsa cikin tausayi.

"Allah ya tsare idanunmu daga abin da ka gani, Darakta. Sai dai ina mamaki, mi ya zaunar da kai har ka kalle shi tun daga farko har ƙarshe?"

Wani a baya ya ce halan macen yake jira ta sake fitowa. Ba a yi dariya da ƙarfi ba, saboda Malam na tsaye. An jira ya hau mota.

Bencin islamiyya ne ya fara tsallaka titi. 'Yan Magami suka zo wurin Halliru cikin ladabi suka ce tunda ba kowa a kai, ko Baba zai ara musu. Da fetur ɗin Jatau ya yi ƙasa aka aiko neman jarka, ya bayar, don bai san da wace fuska zai hana ba. Zoɓo kuwa ya samu kasuwa irin wadda bai taɓa samu ba. Halliru ya naɗe hannun shaddarsa har kafaɗa yana ɗura wa masu jiran layin Jatau a kofi, suna ce masa Allah ya saka, shi ya fara kawo musu labari.

Rana ta yi sanyi Jatau ya tsallako, ya ja kujerar roba ya zauna kamar da. Ya ce a zuba masa na sanyi. Ya shanye, ya goge baki, ya yi magana yana kallon titi.

Ya ce ba layin da bai shiga ba a Sabon Gari. Wani mai shago ya yi dariya har yana share hawaye, ya tambaye shi wa ya gaya masa akwai na uku. Da ya gama dariyar sai ya tambaye shi lamba nawa yake so, don akwai mai buga hoto a bayan shagon, ko bakwai yake so za a buga masa. Kaset ɗin kuwa wani ne ya dawo da shi saboda launinsa ya lalace, yana cikin kwali ana shirin zubarwa. Duk hanya daga Funtuwa zuwa Tsafe hankalinsa na kan Halliru, don ya san mutum ɗaya ne a duk Zamfara zai iya tona shi.

"Ni ban iya ƙirƙira ba, Halliru," in ji shi. "Tun muna aji kai ke rubutawa, ni ina kwafa. In na huɗu ya fito, ka ɗan ɗaga murya. Kunnena na hagu ya fara nauyi."

Ya ajiye kofin, ya ce a gaida Safiyatu, zoɓonta ya yi citta daidai. Ya koma.

Gab da magariba Tajuddeen ya zo ɗaukarsa, kamar yadda suka saba. Halliru ya hau, ya ɗora kulolin a kan cinyoyinsa. Suna tafiya Tajuddeen na ta bayanin naushin ɗan damben, yana sakin kan babur don ya kwatanta. Ya ce samari na son Darakta, kowa ya san shi ne uban harkar, amma gaskiya wanda ya ɗanɗana na uku ba zai iya komawa na biyu ba, sai ya ga kamar ƙartin barci suke ji. Yaushe nasa zai iso?

Suka wuce shataletale. Sannan Halliru ya taɓa kafaɗarsa ya ce su bi ta tasha, yana so ya ji ƙarfe nawa motar Kano ke tashi da safe. Da suka karya kwana ya sake tambaya, kamar abin bai dame shi ba, ko Jatau ya ambaci wane shago ne a Sabon Gari. Tajuddeen ya ce bai ambata ba, amma zai iya tambayarsa.

"Ka tambaye shi," in ji Halliru. "Irin tambayar aboki. Kamar kai kake son sani."

Ya gyara riƙon kulolin. A nan ya lura ɗaya ba murfi, kuma wannan ma sai ya ƙirƙiro masa labari kafin su isa gida.